Shekarata 41, kiredit biyu sun tare min hanya: aji zan koma ko jarrabawa zan zauna kai tsaye?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke tattaunawa ban taɓa tofawa ba, yau dai abin ya ishe ni.

Shekarata 41. Na gama sakandare shekara 22 da suka wuce da kiredit uku, lissafi da Turanci suka kayar da ni. A lokacin mahaifinmu yana kwance, sai na kama aiki, na ce zan gyara baɗi. Baɗin ce har yau ba ta zo ba. Shekara 14 ke nan ina kula da sito a inda nake aiki, duk abin da ya shiga ko ya fita ta hannuna yake bi. Watan jiya aka buɗe gurbin mataimakin manaja. Shugabana da bakinsa ya ce ni yake so, amma ofishin ma'aikata suka duba fayil suka ce takarduna ba su kai ba. Yaron da na koya wa cike katin kaya shi aka ba. Yaron kirki ne, ba ni da komai da shi, amma daren ranar ban runtsa ba.

Shawara nake nema. In yi rajistar jarrabawa kai tsaye in yi karatu a gida, ko in shiga ajin yamma na manya in yi shekara ɗaya ko biyu? Ina tashi aiki ƙarfe biyar, ina da iyali.

Sadauki:
Wa alaikumus salam Yaya. Kada ka ɓata wa kanka lokaci da aji. Nemi tsofaffin tambayoyi na shekara goma, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, salon tambayar ba ya canjawa sosai. Wata shida ya ishe ka. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, yanzu da zuciyarka ke tafasa ka yi rajista.

Hajiya Babba:
Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Tun da har ka iya faɗa a gaban mutane, ka tsallake abin da ya fi wuya.

Malamar Ajin Yamma:
Baban Hanif, sannu da ƙoƙari. Shekara 11 ina koyar da lissafi ga manya, bari in faɗi abin da nake gani, ko da ba zai yi wa Sadauki daɗi ba.

Waɗanda ke zuwa wurina iri biyu ne, kuma su kansu ba su san bambancin ba. Akwai wanda ya taɓa iyawa ya manta. Akwai wanda bai taɓa iyawa ba tun farko, ana ta tura shi daga aji zuwa aji har ya fita. Dukansu cewa suke "na manta lissafi". Na farkon, shawarar Sadauki za ta yi masa aiki, don abin da ƙwaƙwalwa ta taɓa riƙewa ba ya ɓacewa gaba ɗaya. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada wannan a kansa ya wallafa a 1885: ya haddace jerin gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya bari suka shiririce, da ya dawo sake koyo sai ya ga lokacin da ya ɗauka bai kai na farko ba. To na biyun fa? Ba shi da abin da zai tuno. In ka ba shi tsofaffin tambayoyi, haddar amsa zai yi, ranar jarrabawa a canja lamba ɗaya ya tsaya yana kallon takarda.

Saboda haka kafin ka biya kuɗin komai, ka gano ko kai wanne ne. Ari littafin lissafi na ajin ƙarshe na firamare da na ajin farko na sakandare. Kada ka karanta bayani, tafi kai tsaye wurin tambayoyin ƙarshen kowane babi ka yi biyar biyar, ba kalkuleta, ba leƙen amsa. Babin da ka fara tuntuɓe, nan ne ajinka, ko me takardarka ta ce.

Kuma ina iya hasashen inda za ka tsaya: firakshan, wato lissafin su rabi da sulusi da rubu'i, sai doguwar rabawa. A 2012 Robert Siegler da abokan aikinsa suka bi bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka ga yadda yaro ya iya firakshan da rabawa a ƙarshen firamare yana nuna yadda zai yi a aljabra shekaru biyar ko shida bayan haka. Ni ban buƙaci bincike ba ma, a kan allo nake ganinsa kowane zango. Mutum yana kukan aljabra, alhali ciwon yana can ƙasa.

Sadauki:
Malama da girmamawa, mutum mai shekara 41 ki mayar da shi littafin firamare? Ai karya masa gwiwa za ki yi. Takarda yake nema, ba farfesa zai zama ba.

Malamar Ajin Yamma:
Ba mayar da shi na yi ba, auna shi na yi. Kuma babba ba ya daɗewa a wurin kamar yaro. Akwai wata tela da ta zo ajina, shekararta sun haura arba'in. Na rubuta rabi a raba da kwata, ta ce amsar dole ta yi ƙasa da rabi, tun da rabawa ce ai raguwa ake yi. Na yi bayani sau biyu, shiru. Sai na ce mata, Anti, kina da rabin yadi, kina son ki yanka ƙyallaye kwata kwata, guda nawa za ki samu? Ko numfashi ba ta ja ba ta ce biyu mana. Na ce to shi ke nan amsar. Ta daɗe tana kallon allon, can ta ce, "Dama abin da suke nufi ke nan duk shekarun nan?" Lissafin yana hannunta shekara ashirin, rubutunsa ne ba a taɓa haɗa mata da shi ba. Mai kula da sito kuwa kullum cikin dozin da katan da kaso cikin ɗari yake. Abin da yaro zai yi zango yana fama, shi mako uku zai yi.

Oga Na Gareji:
Ni fa ku gafarce ni. Aji uku na yi a sakandare na bari, yau mutum tara ke cin abinci a ƙarƙashina, biyu daga ciki masu digiri ne. Baban Hanif, kuɗin da lokacin da za ka zuba a takarda ka zuba su a wata sana'a ta gefe. In ka kawo kiredit ɗin gobe za su ce difloma suke so. Kamfanin da bai ga aikinka na shekara 14 ba, takarda ba za ta buɗe masa ido ba.

Mai Nazari:
Maganar Oga ba ta banza ba ce, akwai binciken da ya ɗan goyi bayansa. A Amurka suna da jarrabawar GED, wadda aka fara a 1942 don sojojin da yaƙin duniya na biyu ya raba da makaranta, daga baya aka buɗe wa kowa. Wanda ya ci ana ba shi takardar da ake ɗauka daidai da ta gama sakandare. James Heckman na Jami'ar Chicago, wanda ya samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2000, ya daɗe yana bin masu wannan takarda. A 1993 shi da Stephen Cameron suka nuna cewa abin da suke samu a wurin aiki ya fi kusa da na waɗanda suka bar makaranta ba takarda, bai kai na waɗanda suka zauna suka gama ba. A gwajin basira ba su gaza ba. Abin da Heckman ya danganta gibin da shi shi ne halaye irin su juriya da zuwa a kan lokaci da gama abin da aka fara, waɗanda jarrabawar 'yan awoyi ba ta aunawa.

Uwar Biyu:
To ai Mai Nazari wannan binciken Baban Hanif ya wanke, bai kama shi ba. Mutumin da ya yi shekara 14 a sito ɗaya ba a taɓa kama shi da ɓatan kaya ba, wa zai koya masa juriya? Shi halin yana da shi, takardar ce babu. Kuma Oga, kai kai ne mai garejinka, ba wanda zai buɗe fayil ɗinka. Shi a ƙarƙashin wasu yake. Kowa da irin ƙofar da ta tare shi.

Mai Nazari:
Na karɓa, Anti. Abin da nake so a ɗauka kawai shi ne takardar ta fi amfani ga wanda ya san ƙofar da zai buɗe da ita, ko ƙarin girma ko ci gaba da karatu. Wanda ya karɓa ya ajiye a akwati ba abin da ke canjawa.

Oga Na Gareji:
Shi ke nan, na ji. Amma ya fara tambayar ofishin nan a rubuce: in na kawo kiredit biyun nan, gurbi na gaba zan shiga layi ko a'a? Kada ya sha wahala a kan alkawarin baki.

Baban Hanif:
Wannan kam gaskiya ce Oga, ban yi tunaninta ba. Gobe zan tambaya.

Uwar Biyu:
Bari in ba ka nawa labarin, don na bi hanyoyin biyu duka.

Ina aji biyar a sakandare na bar makaranta. Ina da shekara 36 na yanke shawarar komawa, kuma abin da ya tunzura ni ƙarami ne: 'yata ta kawo min aikin gida, na juya littafin sama da ƙasa, na ce ta bari babanta ya dawo. Ta ce, "Umma ke ma ba ki iya ba ko?" Ba da raini ta faɗa ba, tambaya ce kawai. Na shiga ɗaki na yi kuka na.

Karon farko hanyar Sadauki na bi. Na sayi tsofaffin tambayoyi, ina karantawa in yara sun yi barci. Karantawa fa na ce, ba yi ba. In duba tambaya, in duba amsa, in gyaɗa kai in ce na gane. Ranar jarrabawa na isa da wuri, mai gadin ƙofa ya tare ni ya ce iyaye a waje suke jira. Na ciro katina na nuna masa, yara na bayana suna ƙunshe dariya. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Minti arba'in da fara rubuta insha'i hannuna ya ƙage. Shekara kusan ashirin ban rubuta abin da ya wuce layi uku da biro ba, komai a waya. Ina da abin faɗa a kaina, yatsu suka ƙi. Na ci darussa uku, na faɗi Turanci da lissafi.

Na yi wata huɗu ban taɓa littafi ba don haushi. Sannan na shiga ajin yamma, kwana uku a mako. Abin da aji ya ba ni wanda gida bai ba ni ba abu biyu ne. Na ɗaya, wanda zai duba rubutuna da jan biro. Lissafi kana iya duba amsa a bayan littafi, amma insha'i ba ka ganin kuskurenka da idonka, dole wani ya nuna maka. Na biyu, mutanen da za su kira ni in ban zo ba. Mu 23 muka fara, mu 9 muka kai ƙarshe, kuma ba masu ƙwaƙwalwa ne suka rage ba, waɗanda suka yi ƙawaye ne. Akwai wani dattijo direba da ke zama kusa da ni, in na makara sai in tarar ya kwafe min abin da aka rubuta.

A zama na biyu na ci duka biyun. Yanzu ina shekarar ƙarshe a karatun koyarwa.

Hajiya Babba:
Allahu akbar. Uwar Biyu kin sa ni hawaye. Allah ya ƙara basira.

Sadauki:
To Anti ai ba hanyata ce ta kayar da ke ba, ke da bakinki kin ce karanta amsa kike yi.

Uwar Biyu:
Haka ne ƙanena. Amma wa zai gaya min kuskure nake yi, ni kaɗai a ɗaki ƙarfe sha ɗaya na dare?

Na Nesa:
Ina bin ku daga ƙasar waje. Abin da zan ƙara shi ne kusan kowace ƙasa ta bar ƙofa don irin wannan, ba alfarma ake yi wa mutum ba. A yammacin Afirka hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, tana da jarrabawa ta daban don masu zama da kansu ba ta hannun makaranta ba. A ƙasashe masu Faransanci ana iya zama BAC, jarrabawarsu ta gama sakandare, haka nan. Indiya tana da makarantar sakandare ta karatu daga gida tun 1989, NIOS ake kiranta yanzu. Suwidin tana da Komvux tun 1968, inda babba zai je ya ɗauki darasin da ya rasa kawai, ba sai ya maimaita komai ba. Open University ta Birtaniya da aka kafa a 1969 ma yawancin kwasa-kwasanta na digirin farko ba ta neman takardar sakandare. Don haka kowa ya fara bincika dokar inda yake: darussa nawa ake buƙata, ana haɗa sakamakon zama biyu ko ba a haɗawa, kuma wurin da kake son kai takardar ya amince da hukumar da ta bayar? Mutane da yawa suna maimaita abin da sun riga sun ci don ba su tambaya ba.

Sharp Guy:
[an cire wannan saƙo]

Admin:
Na cire saƙon da ke sama. Tallan cibiyar da "ake taimaka wa ɗalibi a cikin ɗakin jarrabawa" ba shi da wuri a nan. Hukumomin jarrabawa suna riƙe sakamako ko su soke shi in sun gano, wani lokaci na cibiyar gaba ɗaya, har da wanda bai ji ba bai gani ba. Wanda ya sake zai fita.

Baban Hanif:
Na ga saƙon kafin a cire. Ba zan ɓoye ba, an taɓa kawo min wannan tayin a wurin aiki kuma na yi tunaninsa kwana biyu. Abin da ya hana ni, mataimakin manaja shi ke rubuta rahoton wata. In na sayi kiredit a Turanci, wa zai rubuta min rahoton?

Ɗan Autan Aji:
Ku tuna Kimani Maruge na Kenya, ya shiga aji ɗaya na firamare a 2004 yana da shekara 84, bayan gwamnati ta mayar da firamare kyauta. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ya je ya yi jawabi. Waye ke da uzuri bayan wannan?

Maman Amira:
Allah ya sa mu yi koyi, amma ni irin wannan labarin ya fara gundurata. Duk lokacin da aka yi zancen karatun manya sai a ɗauko tsoho mai shekara tamanin a ce ga shi, ba ku da uzuri. Matsalarmu ba shekaru ba ce. Ni ƙarfe biyar na asuba nake tashi, ban zauna ba sai goma na dare. Ku gaya min inda zan saka littafi, ba wanda ya fi ni tsufa ba.

Sannan tambaya ta gaskiya ga Malama: shekarata 47, in na karanta shafi ɗaya kaina ya fara ciwo, washegari ba abin da na riƙe. Ba ƙwaƙwalwar ce ta gaji ba kuwa?

Malamar Ajin Yamma:
Maman Amira, kafin ki zargi ƙwaƙwalwa je a duba miki ido. Da gaske nake. Daga shekara arba'in zuwa sama idon kusan kowa yana fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, shi ya sa za ki ga mutum yana miƙa waya nesa da fuskarsa. Ciwon kai bayan shafi ɗaya alamarsa ke nan. Na ga ɗalibai da dama da suka yanke wa kansu hukuncin daƙiƙanci, ashe tabarau suke buƙata.

Ita ƙwaƙwalwa, gaskiya ne saurin haddar sabon abu yana ɗan raguwa, amma koyo ba ya tsayawa. Direbobin baƙar tasi na Landan sai sun haddace dubban tituna kafin a ba su lasisi, abin yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu, kuma duk manya ne. Eleanor Maguire da Katherine Woollett sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu koyon kafin su fara da bayan sun gama, suka wallafa a 2011: waɗanda suka ci jarrabawar, wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da tuna wurare ya ƙaru.

Maganar lokaci kuma ina tare da ke, kuma ba ni da dabarar da za ta ƙara miki awa a rana. Abin da na sani, minti talatin sau biyar a mako ya fi awa uku a zama ɗaya ranar hutu. Kuma ki bar maimaita karatu. Karanta sau ɗaya, rufe littafin, ki rubuta abin da kika tuna a farar takarda. Zai yi miki ɗaci don za ki ga kaɗan ne, amma wannan ƙoƙarin tunowar shi ke kafa abu. Sauran kuma magana ce ta cikin gida: a zauna da maigida ko uwargida da manyan yara a ce daga ƙarfe kaza zuwa kaza ba ni nan, ko da ina nan. Yawancin waɗanda suka bar ajina ba darasi ne ya kore su ba, canjin lokacin aiki ne, ko rashin mai riƙe yaro, ko rashin lafiya a gida. Suka rasa mako biyu, kunya ta hana su dawowa. In kin rasa mako biyu ki dawo, ba wanda zai tambaye ki dalili.

Maman Amira:
Wallahi ina miƙa waya nesa. Yarana har tsokanata suke yi. Zan je.

Baban Hanif:
Na dawo da rahoto, kwana biyar ke nan.

Ofishin ma'aikata sun ba ni amsa a rubuce: kiredit biyar har da lissafi da Turanci, kuma suna karɓar zama biyu. Ke nan ukun da nake da su suna nan daram, biyu zan nema. Oga, na gode.

Gwajin Malama kuma na yi shi. Littafin Hanif na ara, na ce masa duba masa zan yi, ya kalle ni ya yi murmushi, ina jin ya gane. Tarawa da ɗebewa da ninkawa ban ko tsaya ba. Kaso cikin ɗari na ci biyar cikin biyar, da ka ma na yi su. Doguwar rabawa uku. Da na iso firakshan, tara sulusi da kwata, sai na tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, na samu biyu bisa bakwai. Na san ba daidai ba ne, don biyu bisa bakwai bai ma kai sulusin da na fara da shi ba, amma ban san yadda ake yi ba. Na zauna ina ƙoƙarin tuno ranar da aka koya mana, babu ita. Ina jin zangon da na yi jinya ne a aji biyar na firamare.

Na je na ga ajin yamma ɗaya, Litinin da Laraba da Asabar. Asabar ina aiki har azahar, amma an ce ƙarfe huɗu ake farawa.

Sadauki:
To na sauka daga kan bakata, amma rabi. Shiga ajin, sai dai ka sa ranar jarrabawa a gabanka tun yanzu, kada shekara ɗaya ta zama uku.

Malamar Ajin Yamma:
A wannan Sadauki ya yi gaskiya. Kuma ka lura da abin da ka yi: ka gane amsarka ba daidai ba ce don ta yi ƙanƙanta. Yara da yawa ba sa ganin haka.

Kafin Litinin ga aiki. Ɗauki katan mai ɗaukar dozin ɗaya. Sulusinsa guda nawa ne, kwatansa guda nawa ne? Tara su, ka gaya min guda nawa ka samu cikin sha biyun. Kada Hanif ya taya ka.

Baban Hanif:
Huɗu da uku. Bakwai cikin sha biyu.

Malama, wai shi ke nan?

Malamar Ajin Yamma:
Shi ke nan. Yanzu yi rabi da humusi, ka nemo da kanka katan mai guda nawa za ka ɗauka.